Daga Ina Ka Fito? Ɗan Baƙi a Adabin Hausa, Daga Dorugu Zuwa Yaran Dogo

Wata ranar kasuwa a Dogo, garin da ke kudu da Damagaram a kan hanyar Magarya, na tsaya wurin wani mai rake sai ga yaro ɗan kimanin shekara goma an aiko shi. Ya zaɓi sandarsa, mai rake ya ce masa dala ashirin. Yaron ya buɗe tafin hannunsa, ya dubi ƙwandalar da aka ba shi mai lamba 100 a jikinta, ya ɗaga kai ya ce a ba shi canji. Yaran da ke gefe suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Ƙyale shi, ɗan Najeriya ne." Bai san cewa a nan da dala ake lissafi ba, kowace dala tamma biyar, don haka abin da ke hannunsa shi ne kuɗin raken cif. Daga baya na ji labarinsa. A Kano aka haife shi, ubansa ɗan Dogo ne da ya tafi ci-rani ya zarce da zama. A unguwarsu ta can "ɗan Nijar" ake ce masa. Hausa ce a bakinsa, Hausa ce a bakin masu yi masa dariya, addini ɗaya, tuwo ɗaya, amma ya bar wurin kansa a sunkuye.

Tun ranar nake neman wannan yaro a cikin littattafanmu. Abin da zan kare a wannan maƙala shi ne: rubutun zube na Hausa ya san yaron da ya tashi tsakanin duniya biyu tun daga tushensa, har ma ana iya cewa da shi ya fara, sai dai yaron da ya sani shi ne wanda aka fizge daga hannun uwarsa ya girma shi kaɗai a hannun wasu. Yaron da ya tashi a gaban iyayensa a ƙasar da su baƙi ne a cikinta, wanda yake jin wata magana a tsakar gida wata a waje, har yanzu bai samu littafinsa da Hausa ba. Wannan giɓi yana da dalilai, kuma dalilan sun fi giɓin kansa koya mana wani abu game da kanmu.

Damagaram wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya daga cikinsa, don ƙasa ce da baƙi suka gina. Gidan sarautarta daga Barno asalinsa yake, amma fadar ta koma magana da Hausa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya kai 1884, birnin ya zama babbar mahaɗar ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano, kuma ya kasu biyu kamar yadda yake har yau: Birni mai ganuwa da fada, da Zango inda Buzaye da fataken arewa suke sauke kaya. Marigayi André Salifou ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1971 kan daular. Jikokin waɗancan baƙi yau Hausawa ne, ba mai tambayarsu takarda. Haka abin yake a kudu: Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, daga zuriyar Barebari ta fito, amma littafinta ya zama madubin rayuwar matan Hausa a idon duniya. Al'ummar da take haɗiye baƙo cikin ƙarni ɗaya ko biyu ba ta cika tsayawa ta tambayi yadda haɗiyar take ga wanda ake haɗiyewa ba.

Mutum na farko da ya ba mu labarin daga ciki ɗan wannan ƙasa ne. An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, tafiyar da ba ta da nisa daga Dogo. Yana yaro aka kama shi bawa, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, ya wuce daga hannu zuwa hannu har wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya ɗauke shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da su ya bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato har Tumbuktu, ya dawo, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka sauka Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya riƙe Dorugu a gidansa shekaru, yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa. Da wannan Hausar ta yaron Damagaram Schön ya ƙarfafa nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, kuma a Magana Hausa na 1885 aka buga labarin rayuwar Dorugu kamar yadda ya faɗe shi. Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara shi zuwa Ingilishi a 1971. Ya kamata duk ɗalibin Hausa a Damagaram ya san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin dogayen labaran Hausa da aka buga da boko, karin harshen garinsu ne.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Dorugu shi ne natsuwar idonsa. Yana bayyana yadda Turawa suke zama cin abinci da irin suturar matansu kamar yadda bafatake yake ba da labarin wata kasuwa mai nisa: ga abin da suke yi, ga yadda suke yin sa. Ba ya rusuna wa abin da ya gani, ba ya kuma raina shi. Ma'aunin da yake aunawa da shi na gida ne, kuma bai saki ma'aunin ba duk da cewa gidan ya riga ya watse. Inda muryarsa take rawa shi ne wurin rabuwa da iyaye da yunwa da tafiyar ƙasa a cikin bayi. Wato ciwon da ke cikin labarin ciwon rashi ne, rikicin "ni wane ne" bai fito fili ba.

Amma dole mai nazari ya yi hattara a nan. Dorugu bai rubuta labarin da hannunsa ba. Faɗa yake yi, wanda ke ciyar da shi kuma yake fatan mayar da shi Kirista yana rubutawa. Yaron da ke cin tuwon mutum ba zai zauna a gabansa ya zayyana masa duk abin da ke ci masa rai game da gidansa ba. Abin da bai faɗa ba yana iya fin abin da ya faɗa yawa, kuma sauran rayuwarsa tana nuna haka. Ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshe ya koyar da karatun boko a makarantar da Ɗan Hausa, Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ya rasu a 1912. Kusan shekara hamsin ke nan yana tsaye a tsakanin Turawa da Hausawa, kowane ɓangare yana bukatar bakinsa. Wannan ɓangare na rayuwar, wanda shi ne ainihin zama tsakanin al'adu biyu, ba mu da shi daga bakinsa.

Littafi na biyu kowa ya san shi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Sau da yawa ana karanta shi a matsayin labarin bauta da haƙuri da ƙaddara, kuma haka ne. Sai dai a duba yadda aka gina shi. Malami ne zaune a Rauta cikin almajiransa, ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa, don an san ba ɗan garin ba ne. Littafin gaba ɗayansa amsar wannan tambaya ce. Ita ce kuma tambayar da ke bin kowane ɗan baƙi duk inda ya shiga: daga ina ka fito? Umar ɗan Kagara ne, an sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi a Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya rene shi kamar ɗansa a Ber Kufa, ya yi karatu har ya zama shaihi. Abin lura ne cewa Barth ma da sunan Abdulkarim ya yi yawonsa a ƙasashenmu. Yaro na gaske da yaron ƙage, duka biyun wani Abdulkarim ne ya haye da su rairayi.

A ganina ƙarfin Shaihu Umar da rauninsa wuri ɗaya suke. Tafawa Ɓalewa bai sa Umar ya yi kokawa da sabuwar ƙasa ba, domin a tunanin littafin Musulunci gida ne mai faɗi: allon da ake wankewa a Kano shi ake wankewa a ƙasar Larabawa, alƙibla ɗaya ce. Yaron ya canja harshe da sutura da abinci, amma bai canja abin da littafin ya ɗauka shi ne mutum ba. Wannan fahimta ce ta gaskiya, kuma dubban Hausawan da suka bi hanyar gabas sun rayu a kanta. Amma ta sa littafin ya wuce da sauri ta kan abubuwan da muke son sani. Yaya yaran Larabawa suka kira wannan baƙin yaro a wurin wasa? Da wane harshe yake mafarki? Marubucin ya ɗauke nauyin duka ya ɗora wa uwar. Ita ce ta bar gida tana nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya har Tarabulus, ta gan shi, ta cika. Duk abin da ƙaura take ci a jikin mutum, a jikinta aka nuna shi. Umar ya samu ilimi da daraja, ita ta biya kuɗin.

To a kwatanta da abin da ake kira adabin 'ya'yan baƙi a wasu wurare. Azouz Begag, wanda aka haifa a Liyon ta Faransa a 1957 ga iyaye 'yan Aljeriya, ya fitar da Le Gone du Chaâba a 1986. Yaron littafin yana kwana a unguwar bukkokin kwano tare da iyayen da ba su yi boko ba, da safe ya tafi lakwal. Idan ya yi ƙoƙari a aji, 'yan uwansa yaran Larabawa su ce ya zama Bafaranshe. Idan kalmar gida ta kuɓuce masa a gaban malami, kunya ta rufe shi. A The Namesake na Jhumpa Lahiri, 2003, ɗan Indiyawan da ke zaune a Amurka yana fama da sunan da ubansa ya raɗa masa har ya canja shi. A irin waɗannan littattafai uwa da uba suna nan da ransu, kuma nan ne ciwon yake. Yaron ne tafintan ubansa a ofis. Yana ganin mutumin da ake girmamawa a tsakar gida ya koma ƙarami a gaban ma'aikaci. Wata rana zai ji kunyar lafazin uwarsa, daga baya ya ji kunyar wannan kunyar. Dorugu da Umar marayun ƙaura ne, ba su da iyayen da za su ji kunyarsu ko su kare su. Saboda haka ba su isa su tsaya a madadin yaron kasuwar Dogo ba.

Wani zai ce ai dalilin a bayyane yake: Bahaushe ko ya yi ƙaura ba ya zama baƙo irin wancan, don yana tafe da zangonsa. Akwai gaskiya a ciki. Daga Kumasi zuwa Sabon Zango na Ankara, daga Sabo ta Ibadan zuwa Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausawa sun kafa unguwanni masu sarki da limami da makarantar allo da mahauta. Yaron da aka haifa a zango yana iya girma bai rasa kowa ba. Amma zango katanga ce, kuma katanga tana da waje. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, aka kwaso mutanen da a can aka yanke musu cibiya aka tura su "gida", ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora a zamanin Shagari, 'yan Nijar da yawa na ciki. A Sudan, jikokin mahajjata sun yi ƙarni ana kiransu Fallata ko Takari. Ba a rasa abin rubutawa ba.

Shaida kuwa ita ce an rubuta shi, amma da wani harshe. Mohammed Naseehu Ali, wanda aka haifa a Kumasi a 1971 ya kuma koma Amurka da zama, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005. Wasu labaran a layin zango suke, da mai shayinsa Malam Sile da gulmar unguwa, wasu a Niyok. Ɗan zango ne da ya zama baƙo sau biyu, kuma ya san abin da yake faɗa. Sai dai da Ingilishi ya faɗe shi, don haka mutanen da aka zana a ciki, da 'yan uwansu na Damagaram, akasarinsu ba za su karanta ba. Haka manyan marubutan Nijar na ƙarnin da ya wuce. Mamani Abdoulaye, mai Sarraounia na 1980, ya yi shekaru yana gudun hijira saboda siyasar jam'iyyar Sawaba, ya san baƙunci a jikinsa, amma alƙalaminsa na Faransanci ne.

Ina ganin dalili na biyu ya fi zango zurfi, shi ne kunya. Tarbiyyarmu ba ta yarda ɗa ya buɗe cikin gidan ubansa a bainar jama'a ba, balle ya ce ya taɓa jin nauyin talaucin uban ko karin harshensa. Irin wancan adabi kuwa a kan wannan furuci yake tsaye. Ga kuma yadda muke ɗaukar tafiya: baƙo raɓa ne, ɗan ci-rani zai dawo da faɗuwar ruwa, wanda ya daɗe ma ana cewa yana nan tafe. Muddin ana ɗaukar zaman na wucin gadi ne, ba a ganin yaron da aka haifa a cikinsa a matsayin mai labari na kansa, ana ganinsa ɗan Dogo da ya yi latti kawai. Waƙoƙin baka sun yi wa matar da aka bari a gida adalci, sun yi wa wanda ya dawo da rediyo da atamfa kirari. Littattafan kasuwar Kano, waɗanda tun tsakiyar shekarun 1980 ake karantawa har a Damagaram da Maraɗi, sun buɗe cikin gida da ƙarfin hali a kan kishi da auren dole, amma ƙasar waje a cikinsu galibi wurin karatu ne ko hutun masu hali. Ɗan mai ga-ruwa da aka haifa a ɗakin haya bai zama tauraro ba tukuna.

Yau lamarin ya wuce a yi masa shiru. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne a ciki, mata 33, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, ƙasar Dorugu. Hamadar da aka ƙetare da shi da Umar ita ce dai, abin da ya canja shi ne yanzu uwa ce ke riƙe da hannun ɗanta, yunwa ke kora su. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya take dawo da dubban 'yan Nijar a manyan motoci, kafin nan kuma yaƙin Libiya na 2011 ya koro iyalai da yawa. A cikin waɗanda suka dawo akwai yaran da suka buɗe ido a Tamanrasat ko Sabha. Na ga wata yarinya irinsu a wani gida a ƙasar Dogo, tana tsugune kusa da kakarta ana dama fura. Tsohuwar ta ce ta miƙo ludayi, yarinyar ta tsaya tana kallon kayan da ke gabanta, ta ɗauko maburgi. Da aka gyara mata sai ta amsa da Larabci, ta kama bakinta da hannu. Kakar ba ta yi faɗa ba, ta kama hannun ta ɗora a kan ludayin, ta sake faɗin sunansa a hankali. Abin da ya gudana a zuciyar yarinyar a wannan ɗan lokaci, babu rahoton wata ƙungiyar agaji da zai iya ɗaukarsa. Aikin ƙagaggen labari ne.

Ba ina kira a kwaikwayi Begag ko Lahiri ba ne. Yaronmu daban yake da nasu. Sau da yawa iyakar da ta raba shi biyu ba ta raba harshe ko addini ba, layi ne da Faransa da Ingila suka ja a farkon ƙarni na 20, wanda ya sa ɗan wa yake zuwa lakwal wurin mushe, ɗan ƙane yake zuwa makaranta wurin malam, ɗaya yana ƙirga dala ɗaya yana ƙirga naira. Baƙunci a cikin harshenka abu ne da adabin Turai bai san shi sosai ba, kuma da Hausa kaɗai za a iya nuna shi, don a cikin bambancin kalma da kalma yake zaune. Duk fassara za ta shafe shi. Kunyar da na ambata ma tana iya zama salo maimakon shinge: Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda ake faɗin babban ciwo da murya ƙasa-ƙasa, kuma ƙagaggen suna yana rufa wa gida asiri.

Kayan aikin suna nan. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar a 1973. Akwai jami'a a birnin mai ɗauke da sunan André Salifou. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ina roƙon malaman adabi na wannan jami'a su sa labarin Dorugu a manhaja da Hausarsa ta asali, kusa da Shaihu Umar, su kuma tura ɗalibansu Dogo da Kance da Magarya su zauna da yaran da suka dawo, da izinin iyayensu, su saurara. Malaman lakwal na karkara kuma, idan irin wannan yaro ya shigo ajinku, ku ba shi takarda ku ce ya rubuta inda ya fito da kalmomin da ya zo da su, kada ku gyara masa su tun a layin farko. Dorugu sai da wani ya riƙe masa alƙalami. Waɗannan yara za su iya riƙe nasu.